Sharhi: Yariman Zama Bai Iso Funtua Ba

Sharhinmu na yau zai taɓo abin da manya da dama ke gani bai kai a kawo shi gidan rediyo ba, wato wasan kwamfuta, ko gem kamar yadda yara ke kiransa. Duk wanda ke ratsa unguwannin Funtua ko Malumfashi ko Bakori bayan la'asar ya san irin shagon: labule a bakin ƙofa, janareta na ruri a waje, benci biyu ko uku, talabijin maƙale da bango, yara biyu riƙe da hannun gem, sauran sun yi cincirindo a bayansu suna jiran layi. Abin da ake bugawa a nan kusan kullum ƙwallon ƙafa ne ko faɗa, wasan minti goma, ka biya, ka ci ko a ci ka, ka tashi ka ba wani wuri. To, akwai wani jinsin gem da ba shi da kasuwa a irin wannan shago, domin mutum ɗaya ke yin sa, kuma ba ya ƙarewa a zama ɗaya. A cikinsa mai wasa yakan shiga rigar wani jarumi a wata duniya ta almara, ya yi tafiya gari-gari, ya yi magana da mutane, ya sayi makami da guzuri, ya yaƙi dodanni da azzalumai, ƙarfinsa da dabararsa suna ƙaruwa sannu a hankali har labarin ya kai ƙarshe, wani lokaci sai bayan makonni. Fitattu a wannan jinsi sun haɗa da Skyrim na Amurka da ya fito a 2011, da The Witcher 3 na ƙasar Poland da ya fito a 2015. Ra'ayin wannan sharhi shi ne irin wannan wasa ya fi kusa da littafi a kan ƙwallo, saboda haka da ma'aunin littafi ya kamata a auna shi: wane labari ya ɗauko, da wane harshe yake ba da shi, kuma me yake ci a jikin wanda ya zauna masa. Domin kada magana ta tsaya a sama, za mu ɗauki guda ɗaya mu ɗora a kan sikeli, kuma ba na Turawa ba, na maƙwabtanmu ne mutanen Kamaru.

Sunansa Aurion: Legacy of the Kori-Odan. Kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde ne ya ƙera shi ƙarƙashin jagorancin Olivier Madiba, aka kuma fitar da shi kasuwa ranar 14 ga Afrilu, 2016, ta dandalin Steam, inda masu kwamfuta ke sayen wasanni su sauke ta intanet. Madiba da abokansa sun fara juya tunanin wannan wasa tun wajen 2003 suna samari, amma sai a 2013 suka kai ga kafa kamfani, wanda ake yi wa kallon na farko a irinsa a yankin Afirka ta Tsakiya. Ma'aikatansu ba su wuce mutum ashirin da 'yan kai ba. Kuɗin aikin ma ba wani babban banki ne ya zuba ba. Sun sayar da hannun jari ga ɗaiɗaikun mutane, sannan a 2015 suka buɗe gidauniya a dandalin Kickstarter, inda suka tara kusan Yuro dubu 50. Ga kuma yawan ɗauke wuta da ya riƙa tsayar musu da aiki, matsalar da ba sai an yi wa mutumin Kafur ko Danja bayaninta ba. A sanya wannan a gefe guda, sannan a tuna cewa The Witcher 3 ya lashe kimanin dala miliyan 81 kafin ya shiga hannun masu saye. Duk hukuncin da za mu yanke wa Aurion, na yabo ko na suka, sai mun riƙe wannan tazara a zuciya, in dai adalci muke son yi.

Babban ƙarfin wannan wasa labarinsa ne, kuma a nan ya kamata mu daɗe. Enzo Kori-Odan yarima ne na ƙasar Zama. Ranar da za a naɗa shi sarki, ita ce kuma ranar aurensa da Erine Evou. Ana cikin shagali, sai ɗan'uwan amarya, Ngarba Evou, ya yi juyin mulki, ya ƙwace gadon sarauta, ango da amarya suka tsinci kansu a gudun hijira. Daga nan tafiya ta fara: ratsa ƙasashe da ƙabilu daban-daban, kowacce da tata rigimar mulki, ana neman magoya baya, Enzo kuma yana tattara gadon ƙarfin da kakanninsa suka bari, wanda shi ake kira Aurion. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta kafin ya ji ɗacin wannan labari. Maƙiyin ba baƙo ba ne da ya ƙetaro teku, ɗan gida ne, wanda aure ya haɗa ku, wanda ba za ka zubar da jininsa ba tare da ka sa matarka kuka ba. Mu nan ƙasar Katsina mun gaji labarin Korau da Sanau, inda aka ce Korau, ɗan kokawa daga 'Yandoto, ya gano sirrin ƙarfin Sarki Sanau ta hannun matar sarkin, ya kayar da shi, sarauta ta koma wani gida. Wanda ya tashi da jin irin wannan, ya kuma san yadda rigimar gadon sarauta ko gadon gona ke raba 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, zai fahimci halin da Erine ke ciki tun kafin ta buɗe baki. Kuma labarin bai tsaya kan ƙwato karaga kawai ba. Yana tilasta wa yariman ya tambayi kansa wane irin sarki yake son zama, da abin da talakawa za su ƙaru da shi idan ya dawo. Wannan tambaya ce da ta dace saurayi ɗan shekara goma sha bakwai ya kwana yana juyawa, a ƙasar da kowa ke son mulki amma kaɗan ne ke tambayar kansu don me.

A nan ne bambancin wasan da littafi yake fitowa, kuma bambancin riba ne. Mai karatu yana kallon jarumi ya faɗi ya tashi, amma mai wasa shi ne ke faɗuwar. Idan babban abokin gaba ya kayar da shi sau biyar, ba mai tsallake masa shafi. Sai ya zauna ya lura da yadda abokin gaban ke kai hari, ya canza dabara, ya sake gwadawa. Faɗan Aurion yana gudana ne nan take, kamar na wasannin dambe da yaranmu suka saba, sai dai an ƙara masa lissafi, domin mai wasa yana haɗa nau'o'in ƙarfin da ya tara ya fitar da sabon salo. Erine kuma ba amarya ce da aka ajiye a ɗaki tana jiran a ceto ta ba. Tana tare da mijinta a fagen fama, ita ke yi masa magani idan ya ji rauni, ita ke tallafa masa idan an yi masa taron dangi, kuma wanda ya yi watsi da ita ba zai yi nisa ba. Zanen ma da hannu aka yi shi, launukansa masu haske, tufafi da kitso da gine-gine duk an ɗebo su daga Afirka. Yaron da tun da ya fara riƙe hannun gem bai taɓa ganin jarumi mai kama da mutanen garinsu ba, idan ya ga wannan, akwai abin da ke gyaruwa a tunaninsa game da wanda ya isa a ba da labarinsa.

Sai mu juya sikelin. Da Faransanci aka fara rubuta wasan, aka mayar da shi Ingilishi, kuma masu sharhi da dama sun koka da kura-kuran fassara da na rubutu. A wasan da yawancin labarinsa a rubuce yake zuwa, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Kamar shinkafa ce mai kyau da ba a tsince ta ba, kana cikin jin daɗi sai haƙori ya gamu da tsakuwa. An kuma yi ƙorafi kan wuraren tsalle-tsalle da hawa, inda jarumin ba ya bin umarnin hannu yadda ake so, da kuma wahalar sarrafa shi da madannan kwamfuta ga wanda ba shi da hannun gem. Labarin kuma hanya ɗaya yake bi. Ba kamar The Witcher 3 ba, inda shawarar da ka yanke yau za ta iya canza makomar wani ƙauye ko ƙarshen labarin baki ɗaya. Waɗannan aibobi na gaske ne, kuma ba gata ba ne a rufe ido a kansu don kawai 'yan Afirka ne suka yi aikin. Amma idan aka bi diddiginsu, kusan dukkansu wuri ɗaya suke komawa: ƙarancin kuɗin ɗaukar ƙwararren mai fassara, ƙarancin mutanen da za su yi ta gwada wasan kafin ya fita, da lokacin da rashin wuta ya cinye. Rauni ne na aljihu, ba na basira ba.

Raunin da ya fi damun wannan sharhi ba wanda masu sharhin Turai suka gani ba ne. Shi ne cewa wasan da aka ƙera a ƙasar da muke iyaka da ita, ƙasar da Hausawa ke zaune a garuruwanta irin su Garwa da Marwa da Ngaundare, har da Yawunden kanta, da wuya ka sami wanda ya san da shi tsakanin Funtua da Malumfashi. Dalilan a fili suke. An yi shi ne don kwamfuta, alhali abin da ke hannun saurayinmu waya ce. Ana sayen sa ne da katin banki mai iya biya a ƙetare, ana sauke shi da data mai yawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai gidan gem yana lissafin kowane minti da janareta ya yi yana ruri, don haka ba zai bar yaro ɗaya ya riƙe talabijin na awa uku yana karanta hirar sarakunan almara ba, alhali a wannan lokaci zai iya karɓar kuɗin wasan ƙwallo sau goma sha wani abu. Sannan ga uwa uba, harshe. Wasan ƙwallo ba ya buƙatar Turanci, ƙafa da raga kowa ya san su. Amma wasan labari idan ba ka jin harshensa, abin da ya rage maka duka da sara kawai. Yaron da Ingilishinsa bai nuna ba zai yi ta danna madanni yana tsallake hira don ya kai wurin faɗa, ya zubar da ainihin abin da ya sa wasan ya yi daraja. Ke nan ƙarfin Aurion, wato labarinsa, shi ne ɓangaren da ba ya iso mu, abin da ke iso mu shi ne ɓangaren da iyaye ke tsoro.

To, ga ƙorafi na farko da za a yi wa ra'ayin wannan sharhi, kuma shi ne mafi nauyi. Wani uba ko malami zai ce, ta yaya za a yaba wasan da jaruminsa ke neman ƙarfi daga kakannin da suka mutu, alhali mu Musulmi ne, mun san ƙarfi da dabara na Allah ne shi kaɗai? Wannan tambaya ba ta jahilci ba ce, kuma bai kamata a amsa ta da raini ba. Gaskiya ne mun daɗe da sanin bambanci tsakanin labari da aƙida. Kakanninmu mata sun ba mu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ta Dodo, suna rufewa da shaida wa yara cewa ƙarya aka shirya, kuma ba wanda ya bar salla saboda haka. Malamai masana addini sun rubuta littattafan Hausa cike da aljannu, aka karantar da su a makarantu shekara da shekaru. Amma a faɗi gaskiya, gem ya ɗara littafi a wannan fuska, domin a littafi wani ne ke aikatawa kana karantawa, a gem kuwa yatsanka ne ke danna kiran. Babban mutum mai cikakken hankali ya san hoto ne a kan gilashi. Yaro ɗan shekara tara da bai gama sanin tauhidinsa ba, lamarinsa daban ne. Hukuncin halas da haram na malamai ne, ba na mai sharhin rediyo ba. Abin da za a iya faɗa a nan shi ne, uban da bai san abin da ke cikin wasan ɗansa ba ya bar aikinsa. Akwatunan waɗannan wasanni suna ɗauke da alamar shekaru. Skyrim da The Witcher 3, alal misali, an yi musu alamar 18 a tsarin Turai, na biyun ma yana da tsiraici da bai dace da gidan Bahaushe ba. Duba wannan lamba bai fi ƙarfin kowa ba. Duk kuma mai shirin ƙera wasa don Hausawa ya tuna abin da ya faru a 2016, shekarar da Aurion ya fito, lokacin da aka jingine shirin gina dandalin fina-finai a Ƙofa ta jihar Kano bayan malamai da jama'a sun nuna rashin amincewa. Wanda bai zauna da malamai tun farko ba, aikinsa ba zai yi nisa ba a ƙasar nan.

Ƙorafi na biyu na manomi ne, kuma a wannan yanki shi ke da baki. Daga faɗuwar ruwan shuka a watan Yuni har zuwa karyar masara, da yankan dawa, da cirar auduga a farkon hunturu, kowane hannu yana da aiki a gida. Noman farko ba ya jira, maimai ba ya jira, ranar zuba taki da ranar feshi idan sun wuce sun wuce. Saurayin da ya raba dare a gaban kwamfuta ba zai riƙe fartanya da hantsi yadda ya kamata ba, ɗalibin da ke shirin WAEC ko JAMB ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasannin gem cikin jerin cututtuka, matakin ya fara aiki a 2022, kuma alamomin da ta bayyana su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar, har tsawon kimanin shekara guda. Hukumar ta kuma ce kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kai wa wannan mataki. Amma a dubi wane jinsin wasa ne ya fi jan yaro zuwa ramin. Wasannin intanet irin su Free Fire da PUBG ba su da ƙarshe, ba a tsayar da su a tsakiya domin wasu mutane na can suna jira, suna cin data kullum, wasunsu suna ta kwaɗaita wa yaro sayen kayan ado da kuɗin gaske. Shagon cacar ƙwallo kuwa ba sai an faɗi abin da yake yi wa aljihu da tarbiyya ba. Wasan mutum ɗaya irin Aurion ana ajiye shi a inda aka tsaya idan an kira salla ko an yi aike, a dawo a tarar da shi yadda aka bar shi. Ba ya neman data bayan an sauke shi, ba a cin kuɗin kowa a cikinsa, kuma yana da ranar ƙarewa. Abin nan da masu sharhi suka kira rauni, wato bin hanya ɗaya, a wurinmu alheri ne, domin wasan da ke da ƙarshe ana iya ce wa yaro ya ajiye shi sai an kai amfanin gona gida.

Wasu kuma za su ce wasan kaɗaici ne, yana raba yaro da dandali da abokai, alhali langa da dara da kokawa a cikin jama'a ake yin su. Akwai gaskiya a ciki, sai dai karatun littafi ma shi kaɗai mutum ke yi, kuma ba mu taɓa hana shi saboda haka ba. Iyaka muke sa masa.

Ƙorafin ƙarshe shi ne wanda ya fi taɓa zuciya. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun ga abin da suka gani na rashin tsaro, gonaki da dama sun kwana ba a noma ba, taki ya yi tsada, wa ke da sukunin zancen yariman almara? Ba wanda zai ce wasa ya fi tsaro ko abinci. Amma duk wanda ya ɗauka wannan harka wasan yara ce kawai bai duba lissafin ba. The Witcher ya samo asali ne daga littattafan wani marubucin Poland, Andrzej Sapkowski, kuma kashi na ukunsa ya sayar da fiye da kwafi miliyan 50. Tun a 2011 firaministan ƙasar, Donald Tusk, ya ba shugaban Amurka Barack Obama kashi na biyu a matsayin tsarabar ƙasarsa. A watan Agusta na 2024 wani kamfanin ƙasar Sin ya fitar da Black Myth: Wukong, wanda aka gina kan wani tsohon littafin almararsu na ƙarni na 16, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Waɗannan ƙasashe ba aron labari suka yi ba, na gidansu suka tono. A Legas akwai Maliyo Games, a Gana da Kenya akwai Leti Arts, duk suna ƙoƙarin yin haka gwargwadon ƙarfinsu. Bayan kowane wasa akwai mai zane, da mai rubuta labari, da makaɗi, da mai sa murya, da mai tsara manhaja. Garin da ya ga yadda aikin gurzar auduga da masaƙa suka ja baya bai kamata ya raina sana'ar da jarinta kwamfuta ɗaya ce, da sola, da ƙwaƙwalwa ba. Matashin da ke da irin wannan aiki a hannu ya fi wuyar jan ra'ayi zuwa daji ko shagon caca.

Kayan aikin kuwa muna da su, har ma ƙasar Katsina ta fi kowa. A gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933 daga ofishin fassara na Zariya, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin mutumin da ya bar gida neman ruwan magani, yana ratsa garuruwa, yana karo da Malam Zurƙe a kowace kwana. Wanda ya san yadda ake tsara wasan shiga rigar jarumi zai ga cewa ginin ya riga ya tsaya: ga manufa, ga tafiya zango-zango, ga abokin hamayya, ga matsalolin da wayo ke warware su ba takobi ba. Yayansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki a wannan gasa, Ahmadu Ingawa ya zo da Iliya Ɗan Maiƙarfi daga baya. Ga rijiyar Kusugu a Daura, ga hasumiyar Gobarau, ga tsohuwar Maska a nan kusa da mu, ga fataken da suka bi hanyar Gwanja da jakuna suna sayo goro. Wasan da jaruminsa madugu ne, wanda dole ya lissafa guzuri, ya sasanta da sarakunan hanya, ya kare ayari, ya riƙe amanar dukiyar mutane, ba ya buƙatar kiran kakanni ko tsafi kafin ya yi daɗi, kuma malami zai iya zama ya kalla tare da ɗansa. Darasin da raunin Aurion ya koyar shi ne yadda za a yi shi: a waya mai araha, ba tare da data ba bayan an sauke, da muryar Hausa ba rubutu kaɗai ba domin wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba, kuma a yanka shi babi-babi gajeru da za a iya gamawa tsakanin magariba da lisha ko a zaman jiran mota. Masu sa murya da makaɗa ba sai an je nesa ba, masana'antar Kannywood cike take da su.

Hukuncin wannan sharhi a kan Aurion shi ne, wasa ne mai kyakkyawan labari da zane, mai tangarɗa a fassara da sarrafawa, ya dace da babban saurayi ko budurwa mai jin Ingilishi ko Faransanci wanda ya san addininsa, bai dace a miƙa wa ƙaramin yaro a juya baya ba. Kira kuma ga ɗalibanmu masu karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya: idan lokacin zaɓen aikin kammala digiri ya zo, ku taka zuwa sashen Hausa, ku nemi abokin da ya iya labari da wanda ya iya zane, ku nemi izinin masu haƙƙin littafi idan daga littafi za ku ɗauko, ku nuna wa malaman addini tun aikin yana ɗanye, ku fara da babi ɗaya tak da zai buɗe a wayar da ke aljihun ƙanenku. 'Yan kasuwarmu na hatsi da auduga a Funtua da Malumfashi da Ɗandume, idan waɗannan yara suka zo muku da abin da suka fara, ku saurare su, ku taimaka musu da kwamfuta da sola. Iyaye kuma, yau da daddare ku zauna kusa da yaranku ku tambaye su sunan wasan da suke yi da abin da labarinsa ya ƙunsa.